Laburaren kunne: bashin da makafi ke bin ɗakunan karatu

Malam Aliyu Namangi na Zariya bai taɓa ganin shafi ko ɗaya na Waƙoƙin Imfiraji ba. Tun yana ƙaramin yaro ya rasa idanunsa. Karatun da ya yi da kunne ya ɗauke shi a gaban malamai, waƙar kuma a ka ya tsara ta, masu ido suka rubuta. Daga baya aka buga ta a Zariya, ta shiga makarantu, ta shiga jami'o'i, har ɗalibai suna rubuta kundin digiri a kanta. Yau in makaho ɗan sakandare ya laluba da sandarsa ya shiga ɗakin karatu ya ce a ba shi Imfiraji, abin da za a miƙo masa takarda ce da tawada. Littafin da makaho ya haifa ke nan, amma ɗan'uwansa makaho ba shi da hanyar shiga cikinsa sai ya nemo mai ido ya roƙe shi.

Ba kuwa mutum goma ko ashirin ne ke cikin wannan hali ba. Babban binciken da aka gudanar kan makanta a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.13 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne. In aka haɗa da waɗanda ganinsu ya dusashe matsakaici ko ƙwarai, adadin ya kai miliyan 4.25. Arewa ce ta ɗauki kaya mafi nauyi: a Arewa maso Gabas kashi 6.1 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru ba sa gani, alhali a Kudu maso Yamma kashi 2.8 ne. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, hawan jinin ido na biye da ita. An daɗe da yin wannan ƙidaya, jama'a kuma ƙaruwa suka yi.

Ƙidayar ta manya ce, kuma a nan maganar take. Wanda ake batu a kansa ba lallai yaron da aka haifa ba ya gani ba ne. Sau da yawa tsohon hedimasta ne da ya shekara talatin yana duba littattafan yara da jan biro, ko akawun kotu, ko uwargidan da ba ta barci sai ta karanta babi biyu na littafin Bilkisu Funtuwa, ko malamin zaure da ya tara littattafai har suna taɓa rufi. Wata rana haruffa suka fara cakuɗewa. Aka canza tabarau sau biyu, aka je asibitin ido na ECWA a Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, likita ya haska ya ce jijiyar ta riga ta taɓu. Mai yana akan yi masa aiki ya koma gani, amma abin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa. Daga ranar, mutumin da ya saba karanta abin da ransa ke so a lokacin da ya ga dama ya koma zaman jiran jika ya taso daga makaranta. Jikan kuwa shafi biyu zai karanta ya fara hamma, ya ce bari ya sha ruwa ya dawo, shi ke nan sai gobe.

Da an ambaci karatun makafi, hankalin jami'ai kan tafi ga rubutun Braille, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangaren. Ɗigo shida ne kacal ake jujjuyawa su ba da kowane harafi, dabarar da Louis Braille, Bafaranshe, ya tsara yana ɗan shekara 15, aka buga ta a 1829. Yaron da ya taso ba ya gani, hana shi Braille zalunci ne, domin da shi zai san yadda ake harhaɗa kalma, ya yi lissafi, ya rubuta wasiƙarsa ba tare da kowa ya ji sirrinsa ba. Makarantar Makafi ta Gindiri da ke Filato tun 1953 take wannan aiki, ita ce ta farko a ƙasar, ga kuma irin makarantar Tudun Maliki a Kano. A Legas ƙungiyar Nigerwives, ta matan ƙasashen waje masu auren 'yan Najeriya, ta daɗe tana buga wa ɗalibai makafi littattafan makaranta da wannan rubutu. Babu mai hankalin da zai ce a rage wa waɗannan wurare ko kwabo.

Sai dai dattijon da yatsunsa suka yi kanta da fartanya, ko wanda ciwon sukari ya kashe masa jin yatsu, ba kasafai yake iya koyon shafa ɗigo ba. Ga tsada. Takardar mai kauri ce, injin rubutun ɗaruruwan daloli ne, ɗan littafin da ke shiga aljihu kuma in aka juya shi sai ya cika jaka. Alƙur'ani mai girma a rubutun Braille yakan kai mujalladi shida manya-manya. Ko a Amurka, inda kayan aiki ba sa wuya, wani rahoton babbar ƙungiyar makafin ƙasar na 2009 ya nuna cewa waɗanda ke karanta Braille ba su kai kashi 10 cikin ɗari na makafinsu ba.

Saura kunne ke nan.

Wannan tunani ya girmi kakan kowa. Thomas Edison ya ƙera garmaho a 1877, shekara ɗaya bayan nan da ya zauna lissafa amfanin da injin zai yi, ya sa littafin da zai yi wa makafi magana a cikin jerin. Sai da aka yi fiye da shekara hamsin kafin abin ya tabbata, domin faifan wancan zamani 'yan mintoci kawai yake ɗauka. A 1931 majalisar Amurka ta kafa doka cewa babban laburarenta ya riƙa samar wa makafi manya littattafai, aka ware dala 100,000 kowace shekara. A 1934 faya-fayan littafi suka fara fita. Ɗan aike na gidan waya ne ke kai wa mutum har ƙofar gida, ya saurara ya mayar, ba a karɓar kuɗin kan sarki. Tsarin yana nan har yau, ya bi zamani daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa saukewa ta intanet, kuma har yanzu kyauta ne.

A Ingila yaƙi ne ya tilasta. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya dawo da samari da yawa gida ba idanu, samarin da suka saba karanta jarida amma yatsunsu suka ƙi Braille. Ɗaya daga cikinsu, Ian Fraser, wanda harsashi ya makantar a fagen Somme a 1916, shi ya dage har aka samo hanyar rage gudun faifai ya ɗauki kusan minti 25 a kowane gefe. A 1935 cibiyar makafi ta ƙasar, wadda yanzu ake kira RNIB, ta fara raba littattafan saurare. Abin sha'awa, cikin na farko-farko har da labarin binciken kisan kai na Agatha Christie. Ba su ce tunda mutum ya makance sai wa'azin haƙuri kaɗai ya dace da shi ba. Sun gane cewa wanda yake son labarin ɓarayi da 'yan sanda jiya, yau ma shi yake so.

Da can akwai uzuri mai ƙarfi a nan gida, wato haƙƙin mallaka. Duk wanda ya ɗauki littafin wani ya karanta shi a kaset ya raba, ya taka doka, sai in ya bi marubuci da kamfani ɗaya bayan ɗaya ya nemi izini. Wannan shinge na daga cikin abin da ya haifar da halin da Ƙungiyar Makafi ta Duniya ke kira yunwar littafi: abin da ake juyawa zuwa sigar da makaho zai amfana bai kai kashi 10 cikin ɗari na littattafan da ake bugawa ba, a ƙasashe matalauta kuwa ko kashi 1 da ƙyar. A watan Yunin 2013 ƙasashe suka taru a birnin Marrakesh na Maroko suka amince da yarjejeniyar da ta rushe shingen. Mawaƙin nan makaho Stevie Wonder, wanda ya daɗe yana yi wa wakilai naci, sai da ya je ya yi musu waƙar murna. Yarjejeniyar ta fara aiki a Satumban 2016, Najeriya ta tabbatar da shigarta a 2017, sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, ta shigar da ita cikin dokar ƙasa.

Abu biyu yarjejeniyar ta halatta. Cibiyar da aka yarda da ita, kamar laburare ko makarantar makafi, tana iya juya littafin da ta mallaka ta halal zuwa murya ko Braille ko manyan haruffa ba tare da jiran izinin kowa ba, muddin ba riba za ta ci ba, kuma masu larurar za ta bai wa. Sannan abin da aka juya yana iya tsallaka iyaka zuwa wata ƙasar da ke cikin yarjejeniyar. Ga harshen da ake yi daga Kano har zangon Kumasi, wannan ba ƙaramar dama ba ce: a naɗi littafi sau ɗaya, makahon Ghana ma ya ji. Kuma rangwamen bai tsaya ga makafi ba, ya haɗa da wanda shanyewar jiki ta hana shi riƙe littafi ko buɗe shafi. Ga kuma dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, aka kafa mata hukuma a 2020. Ta fuskar takarda dai an gama komai. Ƙofa a buɗe take, masu shiga ne ba su zo ba.

Wani zai ce ai Bahaushe ya riga gwamnati. Gaskiya ne. Gidajen rediyo sun daɗe suna karanta littattafan hikaya, mata na aiki suna saurare. A YouTube akwai tashoshi birjik da ke karanta littattafan soyayya babi-babi, wasu da murya mai daɗi ƙwarai. Tafsiri da karatun littattafan addini kuwa ba a magana, kowane malami da nasa tarin. A kasuwa ga masu turi a rumfunansu, ka ba su memori su cika maka. Ƙaramar rediyo mai ramin memori tana hannun mai shayi da mai gadi da tsohuwa a ɗaka. Jama'ar da ta fi wannan shirin karɓar littafin kunne, da wuya a same ta.

Amma wannan duka bai zama laburare ba. Rediyo ita ke zaɓen abin da za ta karanta da lokacin da za ta karanta, in baƙo ya yi sallama babi ya wuce ka. Mai tashar YouTube abin da zai tara masa masu kallo yake bi, saboda haka za a samu labarin kishiya iri ɗari, ba za a samu littafin nahawun Hausa na aji uku ba, balle na kimiyya ko tarihin Daular Usmaniyya. Sau da yawa ma ba da yardar marubucin aka karanta ba. Ga kuɗin data. Sannan duk shafin an gina shi ne don mai ido, makaho sai ya yi ta lalube tsakanin talla da talla kafin ya gano inda kashi na goma sha bakwai ya shiga. Ɗalibin da malami ya ce a buɗe shafi na 46 ba abin da sautin awa shida a dunƙule zai yi masa.

Wannan matsalar neman shafi an daɗe da warware ta. Akwai tsarin naɗi da ake kira DAISY, wanda ya samo asali daga laburaren makafi na Suwidin, aka kafa masa ƙungiyar ƙasa da ƙasa a 1996. Littafin da aka naɗa da shi, mai saurare na iya tsallakawa daga babi zuwa babi, ya nemi shafi da lambarsa, ya sa alama inda ya tsaya, ya ƙara gudun murya ko ya rage. Da shi saurare yake zama karatu na haƙiƙa, irin wanda ake cin jarrabawa da shi. Hukumar JAMB tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta musamman, abin a yaba. Tambayar ita ce da wane littafi yaron ya yi shiri, kuma in ya ci ya shiga, wa zai karanta masa na shekara huɗu.

Masu son na'ura za su ce a bar wa waya aikin, tunda yanzu tana magana. Lallai TalkBack a wayoyin Android da VoiceOver a iPhone sun sauya rayuwar makafi da yawa, haka manhajar NVDA ta kwamfuta, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka ƙirƙira suka bayar kyauta. Da Turanci da Larabci suna aiki lafiya lau. Amma a ba muryar da aka horar da Turanci shafin Hausa a ji abin dariya. Ta ci karo da ƙ da ɗ da ɓ ta yi tuntuɓe ko ta tsallake. Ko an samu wadda ta iya furuci, akwai sauran aiki, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar fari kaɗai ta isa misali: launi ne, ko rashin ruwan sama, ko ƙwarin da ke cinye amfanin gona, ko abin da budurwa ke yi da ido? Bahaushe daga zubin jimla yake ganewa ba tare da ya ma lura ba. Injin zai iya koyo nan gaba, ana ma kan aikin, sai dai da me zai koya in ba da dubban awoyin karatun Hausa mai tsafta ba? Laburaren da ya naɗi littattafai yau ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

To wa zai ɗauki aikin? Idan aka ce a jira Babban Laburaren Ƙasa, jiran zai yi tsawo. Ginin hedikwatarsa a Abuja tun 2006 aka ba da kwangila, yaran da aka haifa a shekarar sun isa jefa ƙuri'a ginin bai kammala ba. Hukumomin laburare na jihohi su ne suka fi kusa da jama'a, kuma su ne harshen ya shafa. Abin da ake buƙata bai kai kuɗin motar kwamishina ɗaya ba: ɗaki guda a wuri irin Laburaren Murtala Muhammad na Kano, a lulluɓe bangonsa da soso don ya hana amsa-kuwwa, kwamfuta biyu, makirufo mai kyau, da wutar sola. Masu karatu kuwa ga su nan zube. Akwai tsofaffin masu karanta labarai da suka yi ritaya da muryarsu garau, akwai ɗaliban sashen Hausa a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, akwai 'yan bautar ƙasa. A biya su, ko kaɗan ne, kuma a sa mai duba aiki, domin karatun littafi sana'a ce. Wanda ya iya surutu a rediyo ba lallai ya iya riƙe murya ɗaya awa biyar ba tare da ya haɗiye ƙarshen jimla ba.

Rabawa ita ce mafi sauƙi. Memori mai gigabait 8 yana ɗaukar magana ta fiye da awa 250, wato littattafai da dama a abin da bai kai farce ba. Makaho ya zo da nasa ko ya aiko ɗan jagora, a zuba masa, ya dawo a sauya. Ba gidan waya, ba data.

Inda aikin zai iya lalacewa shi ne wajen zaɓen littattafai. In aka bar wa masu ido su kaɗai, tausayi zai rufe musu ido, su cika rumbun da nasiha. Dole makafi su zauna a teburin, daga Ƙungiyar Makafi ta Najeriya, da malaman makarantunsu, da sarakunan makafi, waɗanda tun kafin zuwan Turawa suke da tsarin shugabanci a garuruwan Hausa kuma sun san mutanensu gida-gida. A fara da littattafan manhajar sakandare, domin su ne na gaggawa. A bi da Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. A sa In Da So Da Ƙauna, a sa littattafan Balaraba Ramat, a sa littattafan noma da kiwo da na lafiya da dokokin ƙasa. Wanda ya nemi littafin da wani ke ganin shirme ne, a naɗa masa. Mai ido ba ya rubuta takardar neman izini kafin ya karanta shirme.

Marubuta suna da dalilin ɗari-ɗari, domin satar fasaha ta riga ta cinye musu kasuwa, kuma memori ba ya tambayar wanda ya karɓe shi ko yana gani. Tsoron na da tushe. Amma littattafan nasu ai suna yawo a intanet tun tuni ba da saninsu ba, ba sisi, wani lokaci ko sunansu ba a ambata. Laburare mai rajista, wanda ya san wa ya bai wa me, ya fi musu wannan aminci. Kuma babu abin da ya hana a yi yarjejeniya: laburare ya naɗa da kuɗinsa ya bai wa makafi kyauta, marubuci ya karɓi kwafin ya sayar wa direbobi da teloli da matan gida, waɗanda idonsu lafiya lau amma hannunsu ba ya zama. A ƙasashen da aka fara don makafi, littafin saurare ya zama kasuwa mai zaman kanta. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku. Da za a ƙara cewa ya haɗa da rubutun da ke cikin kwamfutarsa, da an rage rabin wahalar juyawa zuwa Braille ko manyan haruffa.

Akwai kuma masu cewa kuɗin a kai shi asibiti ya fi, tunda binciken nan ya nuna kashi 84 cikin ɗari na makantar abin da za a iya karewa ko warkarwa ne. A kai, a ƙara. Amma likitan ido da kansa ya san akwai mutanen da kullum yake sallama ba tare da ya iya yi musu komai ba, kuma su ne ba wanda ya tanadar wa abin da za su koma gida da shi. Shi ya sa teburin rajistar laburaren ya kamata a fara kafa shi a bakin ƙofar asibitin ido, kusa da wurin karɓar magani. Dattijo ya fito riƙe da kafaɗar jikansa, a miƙa masa maganin ɗigawa, sannan ma'aikaciyar laburare ta gaishe shi ta ce, Baba, wane littafi kake tsakiyar karantawa lokacin da idon ya fara ba ka wahala, a shafi na nawa ka tsaya?